Tsayawa takarar shugabancin ƙungiyar ɗalibai a Yamai: tambayoyi da amsoshi

Duk lokacin da zaɓen ƙungiya ya ƙarato a Jami'ar Abdou Moumouni, tambayoyi kusan iri ɗaya ne ke yawo tsakanin ɗalibai, a ɗakunan kwana, a bakin amfi, wato babban ɗakin lacca, a layin resto, gidan cin abincin ɗalibai, a fadar shayi bayan isha'i. Na taɓa riƙe wakilcin ɗalibai, har yau kuma ƙanne na zuwa mini da waɗannan tambayoyi. Na tattara su a nan tare da amsar da nake ba su. Inda na ce "kai", har da ke nake, ƙanwata.

Yaya, karatu ya kawo ni Harobanda, ƙetaren kogi inda jami'a take. Me zai sa in ɗora wa kaina wahalar takara?

Domin kujerar nan ba ta zama babu kowa. Ko ka tsaya ko ba ka tsaya ba, wani zai hau ta, kuma da sunanka zai yi magana. Shi zai je ANAB, hukumar da ke biyan burs, wato kuɗin karatu da gwamnati ke ba ɗalibai, idan burs ɗin ta yi jinkiri ko sunayen wasu sun faɗi daga jerin masu tallafi. Shi zai zauna da CROU, hukumar da ke kula da walwalar ɗaliban jami'a, a kan abincin resto, da rabon ɗakuna, da motocin da ke kwaso ɗalibai daga unguwanni su ƙetare gada da su, da maganin da babu a ɗakin shan magani. Shi zai shiga ofishin shugaban fakulte, wato tsangaya, idan sakamakon jarrabawa ya kwashe watanni bai fito ba. Idan mutumin nan ya san abin da yake faɗa, dubban ɗalibai su samu sauƙi. Idan bai sani ba, ko ya sani bai damu ba, kowa ya ɗanɗana kuɗarsa, har da kai da ka ce babu ruwanka.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ɗalibin da ya taɓa kwana da yunwa yana jiran burs ta wata uku, ko ya tsaya a ƙofar amfi yana rubutu a kan gwiwa don babu wurin zama, ko ya biyo sawun makinsa da ya ɓace daga ofis zuwa ofis, shi ya fi cancanta ya faɗi waɗannan abubuwa a gaban hukuma. Idan akwai matsala guda da ka san ta ciki da waje, kana kuma da tunanin yadda za a rage ta, to kana da dalilin tsayawa. Wannan dalilin ya fi duk wani dogon jawabi.

Wane matsayi ya dace in nema?

Matakai ne. Akwai wakilin aji, wanda muke ce wa delege. Akwai wakilcin fakulte ko makaranta. Sama da su akwai kwamitin zartarwa na UENUN, ƙungiyar ɗaliban Nijar da ke jami'ar Yamai. Sannan ga uwar ƙungiya, USN, wadda ta haɗa ƴan kwaleji da ƴan lise da ɗaliban jami'o'i na gida da na waje, kuma babban taronta ne ke zaɓen kwamitin gudanarwa.

Kowa idonsa na kan kujerar magatakarda, wato jagoran kwamitin, domin shi ake ji a rediyo. Ni kuwa shawarata ka fara daga aji. Wanda ya iya tattara sunayen ɗalibai ɗari uku ba tare da kuskure ba, ya sasanta malami da aji a kan ranar jarrabawa, ya tabbatar takardun darasi sun isa hannun kowa har da waɗanda ke zaune a Talladje ko Lazare, ya riga ya koyi rabin aikin. Kuma matsayi irin na mai kula da harkokin karatu, ko walwalar ɗalibai, ko baitulmali, sau da yawa ya fi na magatakarda taɓa rayuwar mutane kai tsaye.

Me ya sa ake ɗaukar shugabancin ɗalibai a Nijar da nauyi haka?

Saboda abin da ya gabata. An kafa USN a 1960, shekarar da ƙasa ta samu ƴancin kai, tun kafin a yi jami'a a Yamai, domin cibiyar ilimi mai zurfi sai a 1971 aka buɗe ta, ta zama cikakkiyar jami'a a 1973. A zamanin jam'iyya ɗaya ta Diori Hamani, da zamanin mulkin soja na Seyni Kountché, lokacin da manya da dama suka kama bakinsu, ƴan makaranta na cikin ƙalilan da ke ɗaga murya. Sun kuwa biya da tsada. Dandalin da ake taruwa a jami'a, wanda kowa ke kira Plas AB, sunan Amadou Boubacar ya ci, ɗalibin da ya rasu a tsare a 1983.

Sai ranar 9 ga Fabrairu 1990. Ɗalibai suka fito jerin gwano daga jami'a za su ƙetare gadar Kennedy zuwa cikin gari, suna adawa da matakan tsuke bakin aljihu da aka shirya wa fannin ilimi tare da Bankin Duniya. Jami'an tsaro suka buɗe wuta. Ɗalibai uku suka rasu: Alio Nahantchi, Issaka Kaïné da Abdou Mamane Saguirou. Allah ya jiƙansu da rahama. Wannan rana ta girgiza mulkin Janar Ali Saibou. Ƙungiyar ƙwadago ta USTN ta haɗa kai da ɗalibai, kafin ƙarshen shekarar aka amince da tsarin jam'iyyu da yawa, daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba 1991 kuma aka yi babban taron ƙasa a ƙarƙashin jagorancin Farfesa André Salifou, inda USN ta zauna a matsayin ɗaya daga cikin manyan ɓangarori. Har yau duk 9 ga Fabrairu ɗalibai na tunawa da mutanen nan uku.

Ba tsohon labari ba ne kaɗai. Ranar 10 ga Afrilu 2017, ɗalibi Mallah Bagalé ya rasa ransa a lokacin arangama tsakanin ɗalibai da jami'an tsaro a jami'ar Yamai, aka kuma rufe harabar jami'ar na wani lokaci.

Ina kawo wannan tarihi ne don abu biyu. Na farko, ka san ƙungiyar da kake son jagoranta ba ta wasan yara ba ce, mutane sun ba da ransu a kanta, bai kamata ta faɗa hannun wanda ɗakin kwana kawai yake nema ba. Na biyu ya fi nauyi. Ranar da ka hau kan tebur a Plas AB ka ce "mu fita", ƴaƴan mutane ne za su bi ka. Kowane ɗayansu akwai uwar da ke jiran sa a Madawa ko Tera ko Gure. Shugaban da bai taɓa kasa barci a kan wannan ba, bai san abin da ya ɗauka ba.

To aikin duk yajin karatu ne da jerin gwano?

A'a. Abin da ake gani a waje ke nan, amma shi ne mafi ƙanƙanta. Yawancin kwanaki aikin takarda ne da zirga-zirga: sauraron koken ɗalibi, rubuta shi yadda hukuma za ta karanta, neman ganawa, komawa gobe idan an ce mai ofis ba ya nan, komawa jibi kuma. Ɗalibi ya kwanta a asibitin Lamorde babu dangi a gari, kai ne danginsa. An yi rasuwa, kai za ka nemi motar kai gawa gida. Sababbin ɗalibai sun sauka daga mota da jaka a ka, ba su san inda ake rajista ba, kai ne jagoransu.

Game da yajin karatu kuwa, ra'ayina a fili yake. Makami ne na halal, akwai ranar da babu makawa sai shi. Amma duk wanda ya yi karatu a nan ya san yadda shekarun karatu ke hawa kan juna, lisans, digirin farko na shekara uku, ta koma huɗu ko biyar. Ba ɗalibai kaɗai ke jawo haka ba, akwai ƙarancin malamai da ɗakunan karatu, akwai yajin aikin malamai su ma. Sai dai kowane mako da aka rufe amfi, ɗan talaka ya fi kowa asara, domin ɗan mai hali ana iya tura shi Maroko ko Dakar ko wata makaranta mai zaman kanta. Shugaba nagari yana bin matakai: a tattara buƙatu a rubuce, a gana, a ba da wa'adi, a dawo babban taron ɗalibai a faɗa musu gaskiyar abin da aka samu da wanda ba a samu ba, sannan su yanke shawara. Idan an sa hannu a yarjejeniya, a nan aikin ya fara, domin yarjejeniyar da babu mai bin sawunta takarda ce kawai. Muna da masu iya tayar da taro da yawa. Masu iya zama da kalanda suna tuna wa hukuma alkawarin da ta ɗauka wata uku baya, su ne suka yi ƙaranci, kuma idan kai irinsu ne, don Allah ka tsaya.

Ni me zan samu?

Albashi dai babu. Abin da za ka samu shi ne abin da amfi ba ya koyarwa. Za ka iya tsayawa gaban mutane dubu ka yi magana a tsare, wasu na yi maka ihu. Za ka iya rubuta wasiƙar hukuma da rahoton taro. Za ka san yadda kuɗin gwamnati ke fitowa daga baitulmali har ya iso aljihun ɗalibi, da inda yake maƙalewa. Za ka koyi zama da wanda ya girme ka, ya fi ka ilimi, ka ce masa "ranka ya daɗe, ba mu yarda ba" ba tare da rashin kunya ba kuma ba tare da rawar murya ba.

Akwai kuma wata riba da ban ga kamarta ba: za ka san ƙasarka. Bahaushe da Bazabarme da Bafillace da Buzu da Babarbare da Tubawa duk za su shigo maka da kuka iri ɗaya. Wanda ya zo daga Bilma zai ba ka labarin kwanakin da yake yi a hanya kafin ya iso Yamai, ka daina ganin matsalarka ita ce babba. Abokan da aka yi a irin wannan wahala su kan daɗe.

Karatuna ba zai lalace ba?

Zai iya, kuma na ga waɗanda nasu ya lalace. A tsarin LMD, wato lisans, mastar da doktora, kowane darasi yana da nasa kiredi da ake tarawa kafin a wuce, babu malamin da zai ba ka maki don kana cikin kwamiti, bai kuma kamata ya ba ka ba. Idan kana jan basussukan darussa daga bara, ka biya su tukuna. Idan ka tsaya, ka ware sa'o'in da wayarka ke kashe, ka riƙe abokan bita biyu ko uku da ba ruwansu da ƙungiya, ka kuma koyi raba aiki da mataimakanka. Ɗaliban likitanci da ke zuwa asibiti gwajin aiki su yi lissafi sau biyu. Shugaban ɗalibai da ya shekara goma a jami'a bai fita ba, ba abin koyi ba ne ga ƙannen da ke kallon sa.

Baba ya ce kada in kuskura. Yaya zan yi?

Kada ka yi a ɓoye. Baba na da hujja, ya ji labarin gada, ya ji na 2017, wataƙila ya sayar da rago ko buhun wake kafin ka zo nan. Ka je gida idan da hali, ko ka kira shi a natse. Ka faɗa masa ainihin matsayin da kake nema da aikin da ke ciki, ka nuna masa sakamakonka, ka yi masa alkawarin da za ka iya cikawa. Idan maganarka ba ta shiga, ka nemi kawu ko wani malamin da yake ganin girmansa ya sa baki. Inna ma kada ka bar ta a baya, sau da yawa tsoronta ya fi nasa, ba ta dai faɗa ne. Idan bayan duk wannan sun ce a'a, ka haƙura bana. Ana yi wa ɗalibai hidima ba tare da muƙami ba, albarkar iyaye kuwa ba a samun madadinta.

Ni mace ce. Anya wurin nan nawa ne?

Naki ne, ƙanwata, ana kuma buƙatarki fiye da yadda kike zato. Kwamitin da maza zalla suka cika ba zai tuna da ruwa da tsabtar makewayi a ɓangaren mata ba, ba zai tuna da fitilar hanya ga wadda ta fito daga laburare da dare ba, ko ɗalibar da haihuwa ta zo mata daidai da jarrabawa. Wadda wani ya matsa mata da maganar banza don maki, da wuya ta buɗe baki ta gaya wa namiji. Ke za ta gaya wa.

Ki tuna da 13 ga Mayu 1991. Lokacin da ake shirya babban taron ƙasa, mata suka ga an kusa mantawa da su a kwamitin shirye-shirye, suka fito jerin gwano a Yamai har aka ƙara musu kujeru. Ranar ce ta zama ranar matan Nijar. Za a yi surutu a kanki, wannan tabbas ne, wasu ma ƴan uwanki mata ne za su yi. Ki riƙe mutuncinki, ki zo da hujja a hannu, kuma kada ki yarda a ce miki kujerar harkokin mata kaɗai ta dace da ke. Baitulmali da harkokin karatu da kujerar magatakarda duk kina da haƙƙin nema.

Ba ni da kuɗin kamfe, ba ni da manyan abokai. Zan iya?

Za ka iya. Jika kaɗan na buga takarda sun isa, sauran ƙafa ce da baki. Ka bi ɗaki ɗaki, ka zauna a fadoji, ka saurara fiye da yadda kake magana. WhatsApp na taimakawa wajen isar da saƙo, amma ɗalibi ya fi tuna wanda ya zo ya zauna a kan tabarmarsa. Idan Zabarmancinka bai nuna ba, ka koyi gaisuwa da godiya, ka nemi abokin tafiya da ya iya. Taro da Faransanci ake yi, amma zuciya da harshen gida ake taɓa ta.

Abin da nake roƙon ka da shi: kada ka gina takararka a kan jiha ko ƙabila. Ƙungiyoyin ƴan asalin gari suna da amfaninsu, su ke tarbar baƙo su ba shi wurin kwana. Amma wanda ya ci zaɓe da "namu ne", ranar rabon ɗakuna "namu" za su zo karɓar ladansu, sauran ɗalibai kuma su gane ba shugabansu ba ne.

Idan wani babba daga waje ya ce zai taimaka mini da kuɗi fa?

Ka yi masa godiya ka ƙi. Masu mulki da masu neman mulki sun daɗe da sanin ƙarfin ɗalibai, kowane ɓangare na son ya samu nasa a ciki, wani don a yi shiru, wani don a tayar da ƙura ranar da yake so. Ambulan ɗin da ka karɓa yau, wata rana za a kira ka a tuna maka da shi, kuma ranar ba za ta zama wadda ta dace da ɗalibai ba. Kana da ƴancin ra'ayinka a kan tafiyar ƙasa kamar kowane ɗan ƙasa. Kujerar dai ba taka ba ce da za ka jinginar, amana ce.

Haka batun kuɗin ƙungiya. Duk dalar da ta shigo a rubuta, duk wadda ta fita a ajiye rasit, a karanta wa ɗalibai a babban taro tun ba su tambaya ba.

Ana cewa akwai tashin hankali a harkar. Gaskiya ne?

Akwai, ɓoye shi ba zai amfani kowa ba. Kwamitin CASO, mai kula da tsari da walwala a harabar jami'a, ya yi wa ɗalibai aiki wajen tsara layi da tsaron ɗakuna, amma an sha kuka da wasu ƴaƴansa a kan duka da tsoratarwa. A farkon 2018 malaman jami'a na ƙungiyar SNECS sun yi makonni suna yajin aiki bayan da suka ce an ci zarafin wani malami, suka nemi a rusa kwamitin. Ɗalibai ne suka yi asarar waɗannan makonni.

Wannan a wurina dalilin shiga ne, ba na gudu ba. Idan masu natsuwa duk suka koma gefe, masu sanda za a bar wa fili. Ƙungiyar da ke neman hukuma ta daina dukan ɗalibai ba ta da bakin magana idan ita ma tana dukan su. Ka faɗi haka tun a kamfe, a fili, ko da zai rage maka ƙuri'a.

Ni a Tawa nake karatu. Maganar nan ta shafe ni?

Ƙwarai. Jami'ar Tawa, wadda yanzu ke ɗauke da sunan masanin tarihi Djibo Hamani, an kafa ta a 2010 tare da ta Maraɗi da ta Damagaram. Matsalolin kusan ɗaya ne, sai dai a can manyan ofisoshin da ke yanke hukunci suna nesa, a Yamai, don haka wakilin da ya iya rubutu da bin sawun takarda ya fi daraja. Ga kuma sauƙi guda: inda ɗalibai ba su kai na Yamai yawa ba, aikin mutum ɗaya ya fi saurin bayyana.

Idan na faɗi fa?

Ka je ka taya wanda ya ci murna, ka miƙa masa shawarwarin da ka tattara, ka karɓi aiki a wani ƙaramin kwamiti. Ɗalibai na lura da wanda ya ci gaba da zuwa bayan ya faɗi.

Na yanke shawara. Daga ina zan fara?

Ka nemi kundin dokokin ƙungiya da dokokin cikin gida ka karanta su da kanka, kada ka dogara da abin da aka gaya maka a fada. A nan za ka ga sharuɗɗan takara, da wa'adin muƙami, da yadda ake shigar da ƙara idan an yi maguɗi. Ka tabbatar rajistarka ta bana ta kammala, katinka na ɗalibi da na ƙungiya suna hannu. Ka je wurin waɗanda suka riƙe matsayin kafin kai, har da wanda ba ka so, ka tambaye su abin da ya fi ba su wahala da yarjejeniyoyin da suka bari ba a cika ba.

Sannan ka zaɓi abubuwa biyu ko uku da za ka iya yi cikin wa'adinka, waɗanda ɗalibi zai iya dubawa ya ce an yi ko ba a yi ba. Misali, a riƙa liƙa jerin waɗanda suka samu ɗaki da ƙa'idar da aka bi, ko a sa ranar mako guda da ake karɓar koken maki a rubuce tare da ba da shaidar karɓa, ko a riƙa karanta lissafin kuɗin ƙungiya kowane wata uku. Kada ka yi alkawarin gina amfi ko ƙara burs, ba a hannunka suke ba. Ka rubuta naka a takarda ɗaya, ka kai wa ɗalibai goma da ba abokanka ba, daga fakulte dabam dabam, maza da mata, ka ce su faɗa maka inda ba su yarda ba. Ka gyara, sannan ka kai takardun takararka kafin ranar rufewa.